Kilishin gareji da ƙa'idar Amurka: inda adashe ba ya kaiwa

Shekara uku ƙanwata tana yin kilishi, cincin da yajin tsire a gidana da ke Pleasant Garden, wani ɗan gari a kudu da Greensboro. Duk suna ko biki na mutanenmu ’yan Nijar da Najeriya, ita ake kira. Da ta kwashi adashe bara, sai ta ɗauki kayanta ta kai wani shagon kayan Afirka. Mai shagon ya ɗanɗana, ya yaba, sannan ya tambaye ta takardar shaidar an duba inda take girki. Ta dawo gida ta ajiye kwalin a ƙasa ta ce, “Yaya, kuɗin na nan, amma ban san ƙofar da ake bi ba.”

Wannan magana ce ta kai mu cibiyar Nussbaum, a kan titin South Elm-Eugene, tafiyar kusan minti ashirin daga gidanmu. Tun 1987 take aiki, kuma yanzu tana cikin tsohon ginin kamfanin ƙarfe na Carolina Steel. Irin waɗannan wurare Turawa na kiransu inkubeta, wato injin ƙyanƙyasar ƙwai. Sunan yana da asali: na farko an buɗe shi a Batavia ta jihar New York a 1959, cikin wata masana’anta da aka rufe, kuma cikin ’yan hayar farko har da masu kiwon kaji. Mu dai sai mu ce gidan renon sana’a.

To me suke bayarwa? Ba kuɗi ba ne, kuma nan ne mutanenmu ke yin fushi su juya. Ƙaramin ofis ne da haya mai sauƙi, ɗakin taro, adireshin da banki zai ɗauka da mutunci, sai uwa-uba mutanen da za su zauna da kai su duba lissafinka. Kwalejin GTCC ma tana da sashen ƙananan sana’o’i da ke ba da shawara kyauta.

A irin wannan zama muka fahimci abin da muka shekara uku ba mu sani ba. Rajistar kamfani nau’in LLC a Karolina ta Arewa dala 125 ce, sai dala 200 duk shekara ta rahoto. Cincin da busasshen yaji ana iya yinsu a gida, in ma’aikatar noma ta jihar ta zo ta duba kicin. Kilishi kuwa nama ne. Dokarsa daban, sai a wurin da hukuma ke sa wa ido. Wato abin da ya fi kawo mata kuɗi shi ne wanda ba za ta iya kai wa shago daga gareji ba.

Kada a haɗa wannan da akselareta, irin su Y Combinator da aka kafa a 2005. Su suna zuba kuɗi ne su karɓi kaso cikin kamfaninka, kashi 7 cikin ɗari a tsarinsu, su tura ka a guje cikin ’yan watanni. Yaranmu masu rubuta manhaja su gwada, ba laifi. Mai kilishi ba ruwanta da su.

Ni a ganina matsalarmu kunya ce da tsoron takarda. Mun fi yarda da shawarar wani a ƙofar masallaci bayan Juma’a, ko da shi ma ji ya yi. Alhali ko a Yamai akwai CIPMEN da ke wannan aiki fiye da shekara goma.

Yanzu ƙanwata ta dakatar da kilishin sayarwa, tana shirin kiran masu duba kicin saboda yajin. Saura ƙa’ida ɗaya: ba a amincewa da kicin ɗin gidan da ake ajiye dabba a ciki. Yarana kuwa suna da kyanwa, kuma har yau ban samu bakin gaya musu ba.