Kunyar da Ke Hana Mu Roƙo

A taron addu'a na tsakiyar mako, idan mai jagora ya ce ko akwai mai bukatar a yi masa addu'a, sai ka ga an yi jim. Can wata mata ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta ce, "A tuna da iyalina cikin addu'a," ta koma ta zauna. Kowa ya ce amin. Babu wanda ya san tun makon jiya aka koro ɗanta daga makaranta saboda kuɗin zango, alhali a benci na biyu akwai dattijon da zai biya bai ji a jikinsa ba, ko ya sa baki a ɗaga mata ƙafa. An yi addu'a, an watse, yaro yana gida.

Da kunya da kara aka raine mu, kuma ado ne. Su ke hana yaro miƙa hannu a akushin baƙo, su ke sa a tambaye ka ya gida ka ce sai godiya ko da tukunya ba ta hau murhu ba. Muna kuma gudun a kira mu 'yan maula. Amma akwai inda kunya ke zama cuta, kuma Kirista da yawa sun shigo da ita har cikin addu'a, suna zagaye-zagaye a gaban Allah kamar masu magana da suruki.

Littafi Mai Tsarki bai koya mana haka ba. A Markus sura 10, Yesu yana fita daga Yariko da taro mai yawa, ga wani makaho mai bara, Bartimawus, zaune a bakin hanya. Da ya ji wanda ke wucewa sai ya shiga kira da ƙarfi. Mutane suka kwaɓe shi ya yi shiru, shi kuwa ya ƙara ɗaga murya. Da aka ce ana kiransa, ya yar da mayafinsa, ya zabura ya taho. Sai Yesu ya tambaye shi abin da yake so a yi masa. Wani zai ce ai tambayar ba ta da amfani, makanta ba a ɓoye take ba. Amma mai bara yana iya cewa kuɗi, yana iya cewa abinci. Sai da ya buɗe baki ya ambaci ganin gari, sannan idonsa ya buɗe.

Abin lura, a cikin wannan sura ɗin dai, ayoyi kaɗan kafin nan, Yesu ya yi wa Yakubu da Yahaya, 'ya'yan Zabadi, irin wannan tambaya. Su kujera suka nema, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ba su samu ba, ya kuma gaya musu ba su san abin da suke roƙo ba. Sauran almajirai goma suka ji haushinsu, amma Yesu bai kore su ba, ya zaunar da su duka ya koya musu cewa babba shi ne mai hidima. Ko roƙon da bai dace ba, da aka furta shi a fili sai ya samu gyara.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na 'ya'yan Zelofehad, a Littafin Ƙidaya sura 27. Mata biyar ne daga kabilar Manassa, mahaifinsu ya rasu a jeji bai bar ɗa namiji ba, kuma bisa tsarin lokacin sunansa zai ɓace a rabon ƙasa. Suka je ƙofar alfarwa, gaban Musa da Ele'azara firist da shugabanni da dukan jama'a, suka ce a ba su gādo cikin 'yan'uwan ubansu. Musa ya kai maganar gaban Ubangiji, amsa ta zo cewa gaskiya suka faɗa. Daga nan aka kafa doka: wanda ya mutu ba ɗa namiji, 'yarsa ta gāje shi. Yau gwauruwa nawa ce a cikin ikilisiyoyinmu dangin miji suka karɓe mata gona, ta haɗiye, ana yaba mata haƙuri?

Ƙarfin hali kuma ba ya hana shiri. Nehemiya, mai shayarwar sarki Artashate na Farisa, ya yi kusan wata huɗu yana addu'a a kan rushewar garun Urushalima kafin ya samu damar magana. Ranar da sarki ya tambaye shi bukatarsa, ya yi gajeriyar addu'a a zuci, sannan ya jero: izinin tafiya, takardu zuwa ga gwamnonin hanya, da takarda zuwa ga Asaf mai kula da kurmin sarki don a ba shi katako. Ya san abin da yake so, ya san mai iya bayarwa. An kammala garun cikin kwana 52.

Haka ya kamata mu yi a harkokin yau da kullum. Tela ya gama ɗinki tun wata uku, yana jin nauyin ce wa mai kaya cikon kuɗinsa nawa ne. Ma'aikaci yana gunaguni a bayan idon maigida, bai taɓa shiga ya ce ga shekarun da ya yi, ga ƙarin da yake nema ba. Mara lafiya ya je gaban likita ya ce "jikina ne kawai ba daɗi," ya ɓoye ainihin inda ke ciwo. Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. A ambaci abu da sunansa, da adadinsa, da lokacin da ake bukatarsa, cikin ladabi, ga wanda abin ke hannunsa.

Akan kawo misalin George Müller na Bristol a Ingila, wanda ya rasu a 1898 bayan ya riƙe marayu kimanin 10,000 ba tare da ya nemi kuɗi wurin mutum ba, Allah kaɗai yake gaya wa. Gaskiya ne, amma alkawari ne da ya ɗaukar wa kansa, ba doka ce ga kowa ba. A gaban Allah kuwa Müller ba ya zagaye, yana ambaton bukatunsa ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya roƙa kuma ya shirya jin "a'a". Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin ɗauka. A Getsamani Yesu ya faɗi abin da yake so sarai, sannan ya miƙa wuya ga nufin Uba. Masu koyar da cewa duk abin da baki ya furta dole ya tabbata sun tsallake waɗannan wurare biyu.

Sauran magana tana wurinku, fastoci da dattawa da shugabannin zumuntar mata. Mutane da yawa sun daina faɗin bukatarsu ne domin sun taɓa faɗa, washegari suka tsinci zancen a bakin rijiya. Ku riƙe sirrin mai roƙo, kuma idan babu abin bayarwa ku gaya masa gaskiya maimakon "je ka dawo" na wata da watanni.