Tuɓe kayan kariya ya fi sa su wuya

A watan Maris na shekara ta 2014 aka tabbatar da ɓullar cutar Ebola a ƙasar Gine. Daga can ta ƙetara Laberiya da Saliyo. Kafin a shawo kanta cikin 2016, ta kama mutum sama da 28.000, ta kashe sama da 11.000. Cikin ma'aikatan lafiya, fiye da 800 suka kamu, fiye da 500 suka rasu. Ɗaya daga cikinsu shi ne likita Sheik Umar Khan na garin Kenema a Saliyo, wanda ya rasu ran 29 ga Yuli 2014.

Cutar tana bin jini, da amai, da zawon majinyaci. Don haka mai jiyya ba ya shiga ɗaki sai ya sa riga mai rufe jiki duka, da hula, da tabarau, da abin rufe hanci da baki, da safar hannu biyu-biyu, da takalman roba. Amma kaya kaɗai ba su tsare mutum. Cikin zafi da gumi, da wuya ma'aikaci ya wuce awa ɗaya a cikinsu. Yana fitowa a gajiye, bayan rigarsa duk ƙwayoyin cuta. Ya taɓa ido ko baki sau ɗaya wajen tuɓewa, shi ke nan.

Wannan ya sa aka mai da hankali ga horo. Ana koya wa ma'aikata sa kaya da tuɓe su sau da yawa tun ba su ga majinyaci ba. Ana cire su ɗaya bayan ɗaya bisa tsari, ana wanke hannu da ruwan jabel tsakanin kowane da na bayansa. Kuma ba mai tuɓewa shi kaɗai: abokin aiki yana tsaye yana faɗa masa abin da zai yi, yana tsai da shi in ya yi kuskure. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Har a Amurka, bayan masu jiyya biyu sun kamu a birnin Dalas cikin Oktoba 2014, hukumar lafiya ta sake doka: kada fata ta fito ko kaɗan, kuma a sa mai lura wanda ya sami horo.

Darasin ya shafi shugabannin gidajen likita ko'ina. Tara kaya cikin ma'aji bai wadatar ba. A haɗa da masu shara, da masu wanki, da masu ɗaukar gawa cikin horon, a kuma yi shi tun annoba ba ta iso ba.