Ko Namiji Zai Iya Haihuwa Bayan Zaman Sararin Samaniya?

A watan Yunin shekarar 1964 aka haifi wata yarinya mai suna Elena a birnin Mosko. Likitocin Tarayyar Sobiyet sun sa mata ido ƙwarai, domin mahaifinta, Andriyan Nikolayev, ya yi kusan kwana huɗu a sararin samaniya a 1962, mahaifiyarta kuma, Valentina Tereshkova, ita ce mace ta farko da ta je can a 1963. Yarinya ta zo lafiya, ta girma, har ta zama likita. To, amma kwana huɗu ba wani zama ba ne. Yau 'yan sama-jannati sukan yi wata shida a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ana kuma shirin tafiya duniyar Mars, wadda zuwa da dawowa za su ci fiye da shekara biyu. Tambayar da ke gaban masana ita ce: me irin wannan zama yake yi wa ƙwayoyin haihuwar ɗa namiji?

Mene ne rashin nauyi?

Ya kamata mai karatu ya fara gyara wani kuskure da ya yaɗu, wato cewa a can sama babu maganaɗisun ƙasa. Akwai shi. Tashar tana nisan kimanin kilomita 400 ne daga doron ƙasa, kuma ƙarfin jan da ƙasa take yi a wurin ya kai kusan kashi 90 cikin ɗari na wanda muke ji a nan. Abin da ke faruwa shi ne tashar da mutanen cikinta duk faɗowa suke yi tare, sai dai gudun da suke yi a kaikaice, kimanin kilomita 28,000 a awa, ya sa suna kewaya duniya maimakon su faɗo kanta. Malami zai iya nuna wa ɗalibai wannan da gwangwanin madara. A huda shi a gindi, a cika shi da ruwa, ruwa zai riƙa tsiyaya. A sake shi daga saman bene, za a ga tsiyayar ta tsaya muddin yana cikin faɗowa, domin ruwan da gwangwanin tafiya ɗaya suke yi, babu mai danne wani.

Jikin ɗan Adam bai saba da wannan hali ba. Jini da ruwan jiki sukan taru a ƙirji da kai, fuska ta kumbura, ƙafafu su tsuke, ƙashi ya riƙa zaizayewa. Maraina kuwa ma'aikata ce mai tsananin tsantseni. An ajiye su a wajen jiki ne domin suna bukatar sanyin da ya kai digiri biyu zuwa uku ƙasa da zafin jiki, kuma ƙwayar maniyyi ɗaya takan ɗauki kimanin kwana 70 kafin ta kammala. Duk abin da ya taɓa zafi ko gudanar jini ko sinadaran jiki yana iya taɓa wannan aiki.

Abin da dabbobi suka nuna

Da yake ba a yin irin wannan gwaji a kan mutane kai tsaye, dabbobi ne suka ɗauki nauyin. A 1979 Sobiyet ta harba kumbon Kosmos 1129 ɗauke da ɓeraye maza da mata, aka bar su suka cakuɗa. Ko ɗa ɗaya ba a samu ba. Sai dai ɓerayen da aka ajiye a ƙasa cikin irin wannan keji don kwatance su ma ba su haihu ba, saboda haka ba a iya ɗora wa rashin nauyi laifi ba. Wannan darasi ne ga ɗalibin kimiyya game da amfanin rukunin kwatance a kowane gwaji.

Kifi ne ya fara cin nasara. A 1994, cikin kumbon Columbia na Amurka, wasu ƙananan kifaye huɗu na Japan da ake kira medaka suka yi barbara, suka saka ƙwai 43, takwas daga ciki suka ƙyanƙyashe tun suna sama. A 1997 kuma Joseph Tash na Jami'ar Kansas ya aika maniyyin wata halittar teku mai ƙaya kamar bushiya, ya gano cewa sauye-sauyen sinadaran da ke tayar da wutsiyar ƙwayar maniyyi sun fi sauri a sama. Kada mai karatu ya ɗauka wannan abin murna ne. Ƙwayar maniyyi tana da matakan da take bi ɗaya bayan ɗaya kafin ta iya huda ƙwan mace, kuma sauri ya haifi nawa idan mataki ya riga lokacinsa.

Gwajin da ya fi kwantar da hankali shi ne na masanan Jami'ar Osaka, wanda aka buga a 2019. Ɓeraye maza 12 suka yi kwana 35 a tashar. Rabinsu an bar su cikin rashin nauyi, rabi kuma an sa su cikin wata na'ura mai juyawa da ke mayar musu da nauyinsu na ƙasa. Da suka dawo, maniyyin duka rukunin biyu ya haɗu da ƙwai, aka haifi 'ya'ya lafiyayyu, su ma suka hayayyafa.

Maniyyin ɗan Adam

A nan bayanai kaɗan ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki samfuri cikin jirgin sama, jirgin ya yi sama ya sulmiyo, a sami 'yan daƙiƙoƙi na rashin nauyi. A 2019 wata masaniya daga Basalona ta ƙasar Sifen, Montserrat Boada, ta ba da rahoton gwajin da suka yi da daskararren maniyyin mutum goma, inda kowace sulmiyowa ta ba da kimanin daƙiƙa takwas. Ba su ga wani bambanci ba tsakaninsa da wanda aka bari a ƙasa. Amma da suka maimaita da ɗanyen maniyyi, wanda ba a daskarar ba, sai motsinsa da yawan rayayyun ƙwayoyinsa suka ragu. A ganina ya kamata a karɓi wannan da taka-tsantsan, domin kafin jirgi ya sulmiyo da bayan ya sulmiyo nauyi yakan ninka, kuma daƙiƙa takwas ba ta isa ta wakilci wata shida ba. A 2018 hukumar NASA ta aika daskararren maniyyin mutum da na bijimi zuwa tashar kanta, 'yan sama-jannati suka narkar da shi suka ɗauki hoton motsinsa.

Game da sinadarin testostiron, wanda ke tafiyar da aikin maraina, masana sun saɓa. Awon da aka yi wa 'yan sama-jannati huɗu a wata gajeriyar tafiya ta 1993 ya nuna ya ragu. Wani bincike mafi faɗi da aka buga a 2012 kan waɗanda suka daɗe a tashar ya nuna bai sauya ba sai a ranar saukowa, ranar da jiki yake cikin wahala da gajiya.

Babban abokin gaba

Mai yiwuwa rashin nauyi ba shi ne babbar barazana ba. Sararin samaniya cike yake da burbushi mai ƙarfi da ke fitowa daga rana da sauran taurari, wanda ke ratsa ƙarfe da tsoka ya kakkarya sarƙar gado ta DNA. A doron ƙasa iska da garkuwar maganaɗisun duniya suna kare mu, mutum yakan sha kimanin milisibat 2.4 a shekara. Wanda ya yi wata shida a tashar yakan sha abin da ya ninka wannan sau da dama, wajen milisibat 80 ko fiye. Na'urar awo da ke cikin kumbon da ya kai motar Curiosity duniyar Mars a 2012 ta nuna kimanin milisibat 1.8 a kowace rana ta tafiya. Ƙwayoyin asali da ke cikin maraina, da yake kullum cikin rarrabuwa suke, suna daga cikin waɗanda wannan burbushi ya fi saurin yi wa lahani a duk jiki.

Teruhiko Wakayama na Jami'ar Yamanashi ya bi ta wata hanya daban. A 2013 ya aika busasshen maniyyin ɓera, wanda aka daskarar aka tsotse ruwansa, zuwa tashar. Kashi na ƙarshe ya yi shekara biyar da wata goma a can. Da aka dawo da shi aka jiƙa, aka saka shi cikin ƙwai da allura, sai aka haifi 'yan ɓeraye 168, ba a kuma ga wata nakasa a tare da su ba. Sakamakon ya fito a 2021. Sai dai busasshen maniyyi yana jure burbushin fiye da rayayyun ƙwayoyin da ke jikin namiji, kuma allura ce ta kai shi cikin ƙwan, ba shi ne ya yi iyo ya nemi hanyarsa da kansa ba.