Maganin Kitsen Jini Da Na Taurin Bayan Gida: Shin Suna Shan Inuwa Ɗaya?

A wata ziyara da na kai Madarunfa, na iske kawuna ya yi kwana goma bai taɓa ƙwayoyin simvastatin da aka rubuta masa a Maraɗi ba, bayan awon jini ya nuna kitse ya yi masa yawa. Cikinsa ne ya cushe, sai ya sayi maganin tausasa bayan gida, ya ajiye na farkon. Na ce, "Kawu, me ya sa?" Ya ce, "Ɗana, ai ba a sarki biyu a gari ɗaya." Tsoron nasa yana da tushe, amma ya saki reshe ya kama ganye.

Kitsen jini, wanda likitoci ke kira kwalastaral, hanta ce ke sarrafa mafi yawansa. Idan ya yi yawa sai ya riƙa taruwa a bangon jijiyoyi a hankali, ba ciwo ba zazzaɓi, har wata rana ya toshe hanyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa, mutum ya faɗi ko ɓarin jikinsa ya shanye. Magungunan da ke daƙile shi, dangin sitatin, sun samo asali ne daga binciken masanin Japan Akira Endo, wanda ya ciro na farkonsu daga wani nau'in funfuna a 1973. A 1987 Amurka ta amince da lovastatin. A 1994 kuma wani gwaji a ƙasashen arewacin Turai, kan masu ciwon zuciya 4,444, ya nuna simvastatin ya rage mace-mace da kusan kashi 30 cikin ɗari. Aikinsu a hanta yake, kuma da yake hanta ta fi sarrafa kitsen da dare, shi ya sa ake shan simvastatin kafin kwanciya.

Shi kuwa maganin tausasa bayan gida, a hanji yake nasa aikin. Docusate yana sa ruwa ya ratsa bayan gidan ya yi laushi. Lactulose yana janyo ruwa cikin hanji, yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin a ga amfaninsa. Ba a san wata rigima mai haɗari tsakanin waɗannan biyun da sitatin ba. Kowa gidansa daban. Hasali ma, mai ciwon zuciya ko hawan jini ko basir an fi so kada ya riƙa yunƙuri da ƙarfi a bayi.

Inda gizo ke saƙa shi ne ba duk maganin kitse ne sitatin ba, kuma ba duk maganin ciki ne mai tausasawa ba. Cholestyramine, garin da ake damawa a sha, shi kansa yana cushe ciki, yana kuma kama wasu magunguna a hanji ya hana su shiga jini. Don haka ake shan sauran magunguna awa ɗaya kafinsa ko awa huɗu zuwa shida bayansa. Garin ispaghula yana buƙatar ruwa mai yawa da tazarar awa biyu tsakaninsa da sauran ƙwayoyi. Docusate kuma ba a haɗa shi da man farafin na sha.

Sai na gida, waɗanda ba ma lissafa su a magani. Filasko ba tausasawa yake yi ba, tunzura hanji yake. Yawan shansa na janyo zawo da zubewar sinadarin fotasiyam, abin da ke iya rikita bugun zuciya, musamman ga mai shan maganin sa fitsari ko digoxin. Jiƙon kanwa kuwa cike yake da sodiyam, abokin gabar mai hawan jini.

Abokan gabar sitatin na gaskiya su ne irin su erythromycin, clarithromycin, ketoconazole da wasu magungunan ƙanjamau. Suna hana hanta narkar da simvastatin, sai ya taru ya cinye tsoka. Wanda ya ji ciwon tsoka mai tsanani, ko ya ga fitsarinsa ya yi duhu kamar baƙin shayi, ya garzaya asibiti a ranar. Mai juna biyu ko mai shayarwa ta sanar da likita tun kafin a rubuta mata. Haka wanda ya ga jini a bayan gida, ko yana ramewa, ko cushewar ta wuce mako biyu, ya je ya ga likita.

Allah ya hore wa Madarunfa rabin maganin: kuɓewa, miyar kuka, zogale, wake, tsamiya, da kifin tafki idan an gasa shi maimakon a dulmiya shi a mai. Waɗannan, da isasshen ruwa da tattaki, suna sassauta ciki, suna kuma taimaka wa jini.

Kawuna ya koma wajen likita da ledar magungunansa duka, har da ƙullin filasko, aka tsara masa lokacin kowanne. Mai karatu, ka yi yadda ya yi. Kada ka sayi magani a faranti cikin rana, kada ka ɓoye wa likita abin da kake sha, kuma kada ka ajiye maganin zuciyarka saboda cikin da zai warware cikin kwana biyu.