Wa Ya Sa wa Gwazar Ƙaiƙayi?

Tun da zuwa gona mai nisa ya zama kasada a yankin Magami, kan hanyar Gusau zuwa Dansadau, tsakar gida ta zama gonar mata. Wata matar aure ta binne kan gwaza a bakin makwarara da farkon damina, ba don ci ba, don ado. Ganye ya fito fala-fala, in ruwa ya zuba masa sai ya dunƙule ya gangara bai jiƙa shi ba. Bayan wata 8 ganyen ya soma rawaya, ta tona, ta cika kwano. Ta dafa, yara suka ci. Kafin la'asar kowa na susar wuya yana kakari.

Surukarta ce ta fara yanke hukunci: ruwan sabulun wanke-wanke ne gwazar ta sha har ta ƙoshi. Maganar ta shiga kunne, sai dai akwai wani gindin a bayan ɗaki wanda ruwan indararo kaɗai yake samu. Aka tona shi aka dafa, ƙaiƙayin na nan. Sabulu ya fita daga zargi.

Maigida ya ce iri ne. Wannan zargin ya fi nauyi, domin masu sayar da furanni a birane suna da wasu dangin gwaza, irin su kaladiyum mai ganye da ɗigon ja da fari, ɗan asalin Kudancin Amurka, wanda kallonsa ake yi, ba a kai shi tukunya. Amma nata ganyen kore ne shar, kuma a hannun mai sayar da gwazar ci ta sayo irin. Da aka rasa abin kamawa, har an fara raɗe-raɗin hannun mutum, kamar yadda muka saba.

Maƙwabciya ce ta warware, ba da niyya ba. Ta roƙi ragowar, ta dafa, gidanta suka cinye da ƙuli ba wanda ya yi ko tari.

"Yaya, mi kika sa mata?"

"Ban sa komi ba. Kan murhu na bar ta tun hantsi, sai azahar na tuna da ita."

Ita kuwa mai gwazar a kan gawayi ta ɗora, tsinke na shigewa ta sauke, yadda ake yi wa dankali. A nan gizo ke saƙar. Gwaza, saiwarta da ganyenta, cike take da wasu ƙananan allurai na sinadarin kalshiyam okzalet waɗanda ido ba ya gani, makamin da take kare kanta da shi daga dabbobi. Su ke soke fatar baki da maƙogwaro, sannan abin da ke manne a jikinsu ya shiga ya tada ƙaiƙayi. Doguwar dahuwa ce ke karya lagonsu, kuma gwaza na iya yin laushi tun ba a kai nan ba.

Alluran sun fi yawa kusa da ɓawo, shi ya sa mai feraye ɗanya take kwana tana susar hannu. A kudu wasu kan shafa manja kafin su taɓa ta. Masu tallar dafaffiyar gwaza a nan arewa sun fi kowa dabara: da ɓawonta suke dafawa har ta yi luguf, mai saye ya ɓare da kansa.