Wa Ke Riƙe Da Makullin Makamashin Zuciya?

Zuciyar ɗan Adam tana bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana, dare da rana, ko mai ita yana barci ko yana farke. Kowane bugu sai an biya shi da wani sinadari da masana ke kira ATP, wanda shi ne kuɗin da ƙwayoyin jiki ke kashewa idan za su yi aiki. An ƙiyasta cewa zuciya tana samarwa tana kuma ƙone kimanin kilo 6 na wannan sinadari a yini guda, alhali ita kanta nauyinta kimanin giram 300 ne. Abin da take ajiyewa kuwa ba zai riƙe ta ko minti ɗaya ba. Halinta irin na magidancin da ba shi da rumbu ne: ranar da bai fita nema ba, ranar tukunya ba za ta hau murhu ba.

Masana'antar da ke samar da ATP wasu ƙananan jakunkuna ne a cikin ƙwayar tsoka, ana kiran su mitokondiriya, kuma sun mamaye kusan kashi ɗaya bisa uku na kowace ƙwayar tsokar zuciya. Tun a shekarun 1950 likita Richard Bing ya nuna cewa zuciyar babban mutum ta fi dogara da kitse a matsayin makamashi, sukari na biye. Jaririn da ke ciki kuwa zuciyarsa ta fi ƙone sukari, sai bayan haihuwa ta koma ga kitse. To, wa ke ba da umarnin wannan sauyi? Wannan tambaya ce Farfesa Daniel Kelly, likitan zuciya ɗan Amurka, ya shafe fiye da shekaru 30 yana bi, tun yana Jami'ar Washington da ke birnin Sent Luwis har ya koma Jami'ar Pensilbaniya a 2017.

Kelly ya faro ne daga wata cutar yara da ba kasafai ake ganinta ba, inda ake haifar yaro da naƙasu a ƙwayar gadon da ke samar da ɗaya daga cikin sinadaran narkar da kitse. Yaron kan tashi lafiya lau, amma da ya daɗe bai ci abinci ba, ko zazzaɓi ya kama shi, sai ya faɗi, wani lokaci har ya rasa ransa. Daga nazarin wannan ƙwayar gado guda ɗaya hankalinsa ya koma ga abin da ke kunna ta da kashe ta. A 1996 shi da abokan aikinsa suka wallafa cewa a zuciyar da ta gaza, ƙwayoyin gadon ƙona kitse sukan yi sanyi gaba ɗayansu, tamkar zuciyar ta koma ɗabi'arta ta zaman ciki.

A 1998 ɗakin binciken Bruce Spiegelman da ke Bostan ya gano wani furotin mai suna PGC-1 alfa, a cikin irin kitsen da ke ɗumama jiki lokacin sanyi. Kelly ya nemi sanin aikinsa a zuciya. A 2000 ya nuna cewa wannan furotin kamar madugu yake: idan ya motsa, ayarin ƙwayoyin gado masu yawa sukan tashi tare, mitokondiriya su ninka, ƙona kitse ya ƙaru. Sai dai ɓerayen da aka cusa wa furotin ɗin fiye da kima, zukatansu sun cika da mitokondiriya har tsokar ta lalace, zuciyar ta buɗe ta gaza. A 2008 kuma aka ga ɗaya gefen: ɓerayen da aka cire musu PGC-1 alfa da ɗan'uwansa PGC-1 beta sun mutu jim kaɗan bayan haihuwa, domin zukatansu sun kasa yin wancan sauyi. Da ƙaranci da yawa duk halaka ne. Lafiyar zuciya tana cikin daidaito.

Bayan haka, a 2016, ƙungiyar Kelly ta bayar da rahoton cewa zuciyar da ta gaza, da yake ƙona kitse ya yi mata wuya, takan juya ga wani makamashi da hanta ke samarwa, wato kiton, wanda ke ƙaruwa a jini lokacin azumi ko yunwa. A wannan shekarar wata ƙungiya ta ga irin haka a zukatan mutane. Wannan ya zo daidai lokacin da likitoci ke mamakin wasu magungunan ciwon sukari, irin su empagliflozin da dapagliflozin, waɗanda gwaje-gwajen 2015 da 2019 suka nuna suna rage kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya. Magungunan suna ɗan ɗaga kiton a jini, shi ya sa wasu masana ke ganin a nan wani ɓangare na amfaninsu yake, wasu kuma suna ganin dalilin na wani wurin. Muhawarar tana nan ana yi.

Mai karatu zai iya cewa me ya haɗa mu da ɓerayen Amurka. Abin da ya haɗa mu shi ne matanmu masu jego. A 2012 Zoltan Arany, wanda ya samu horo a hannun Spiegelman, ya wallafa a mujallar Nature cewa ɓeraye mata da aka cire wa PGC-1 alfa daga zuciya sukan kamu da gazawar zuciya bayan sun haihu. Dalilin da ya gano shi ne, madugun nan da ke kula da makamashi shi ne kuma ke umartar a shimfiɗa ƙananan jijiyoyin jini masu kai iska ga tsoka, ga shi a ƙarshen ciki mabiyiya tana sakin wani sinadari mai hana jijiyoyi tsirowa. Wannan cuta, wadda ke kama mace a watan haihuwa ko a watannin da ke biye, Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kanta, suna zargin kunun kanwa da wankan jego. Wani bincike a Sakkwato ya samu kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa 100. Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci tattara bayanan masu cutar a faɗin ƙasa, ya kuma jawo hankali ga ƙarancin sinadarin seleniyam a jininsu.

A ganina, darasin yana nan. Mu malaman jami'a a kullum ana tambayarmu amfanin bincikenmu kafin a ba mu ko kwabo, kuma ana son amsar ta fito cikin shekara guda. Da wannan ma'auni aka auna Kelly lokacin da yake bin ƙwayar gado ɗaya ta wata cutar yara, da tuni an rufe masa ƙofa. Wanda ya shuka giginya ya san ba bana zai sha inuwarta ba. Mu ke da marasa lafiyar, mu ke da likitocin da suka san su, abin da muka rasa shi ne ɗakunan bincike masu wutar da ba ta ɗaukewa, da firjin adana jini, da tallafin da zai ɗore shekaru goma. Ya kamata asusun TETFund da gwamnatocin jihohinmu su ware wani kaso domin irin wannan dogon aiki, a haɗa likitan zuciya da masanin ƙwayoyin gado a teburi guda.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da kowane gida zai iya yi. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi ke yi mata wuya idan ta kwanta, ko tari ya dame ta da dare, kada a ce gajiyar haihuwa ce. A kai ta asibiti a duba zuciyarta. Da yawa sukan warke idan an fara magani da wuri.