Cunkoson Motoci A Suleja: Gwada Gyara A Kan Taswira Kafin A Kashe Kuɗi

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗauko kaya daga Kano ko Kaduna zuwa Abuja ya san cewa lissafin tafiyarsa ba ya kammaluwa sai ya wuce Tafa da mararrabar Dikko da Madalla, ya kai Zuba. A wannan ɗan tsakani ne motar da ta kwana tana gudu kan tsaya cik, tumatir na ruɓewa a cikin kwando, direba na ƙona man da tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ƙara tsada.

Asalin matsalar sananne ne. A shekarar 1976 aka kafa Babban Birnin Tarayya, aka ba shi sunan Abuja, tsohon garin Abuja kuma ya koma Suleja. Da gwamnati ta tare a sabon birnin cikin watan Disambar 1991, sai Suleja ta zama makwancin ma'aikata da 'yan ƙwadago waɗanda kuɗin hayar Abuja ya fi ƙarfinsu. Ƙidayar 2006 ta sami mutane fiye da dubu 200 a ƙaramar hukumar. Da asuba su nufi Abuja, da yamma su dawo, a kan hanyar da tireloli da tankokin mai na daffon Suleja ke bi, kuma a gefenta ne kasuwar Madalla ke ci.

Maganin da aka saba ambatawa shi ne a faɗaɗa hanya ko a gina gadar sama. Wannan aiki ne na biliyoyin naira, kuma ba a sanin ko ya yi amfani sai an gama shi. Amma yau akwai dabarar gwada gyara a cikin kwamfuta tun ba a sauke yashi ba.

Dabarar ta dogara ne a kan abubuwa biyu waɗanda duk kyauta ne. Na farko shi ne taswirar OpenStreetMap, wadda wani Baturen Ingila mai suna Steve Coast ya fara a 2004. Masu sa kai ne ke zana ta, kowa na iya gyara ta, kowa kuma na iya kwafe bayananta. A cikinta ana rubuta kowace hanya da irinta, da yawan layukanta, da ko mai bi ɗaya ce, da inda ta haɗu da wata. Arewacin Nijeriya ba baƙo ba ne a cikinta, domin ƙungiyar eHealth Africa mai ofishi a Kano ta shigar da hanyoyi da ƙauyuka masu yawa a lokacin yaƙi da cutar shan inna. Na biyu shi ne manhajar kwaikwayon zirga-zirga, irin su SUMO, wadda cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus ta fara ƙerawa a 2001. Ana ɗebo taswirar gari a zuba mata, a saka motoci na ƙarya, kowace da inda ta fito da inda za ta, sai a zauna a ga yadda suke gudu da birki da sauya layi, daƙiƙa bayan daƙiƙa.

Amfanin abin ya fi fitowa da ɗan lissafi. Injiniyoyin hanya suna ɗaukar cewa layi guda na iya wuce da ƙananan motoci kimanin 1,800 a sa'a idan babu cikas. A ɗauka, a matsayin misali, motoci 2,500 ne ke isowa Madalla a sa'a a kan hannu mai layi biyu. Babu matsala, hanya ta ishe su har da saura. To, a ce masu talla da motocin da ke sauke fasinja sun cinye layi ɗaya. Yanzu 1,800 ne ke wucewa, 700 na taruwa a baya kowace sa'a. Manhajar SUMO kan ba kowace ƙaramar mota mita biyar da ratar mita biyu da rabi, saboda haka motoci 700 a jere sun haura kilomita biyar. Cikin sa'a guda ke nan, kuma ba tare da an ƙara mota ko ɗaya a kan hanyar ba. Irin wannan cunkoso ba ya buƙatar gada. Tasha ce yake buƙata a gefe, da wanda zai tilasta a shiga cikinta.

Akwai kuma abin da ido ba ya iya hangowa. A 1968 wani masanin lissafi Bajamushe, Dietrich Braess, ya nuna cewa ƙara sabuwar hanya na iya tsawaita tafiyar kowa, idan direbobi duka suka rungumi yanken da kowannensu ke ganin ya fi sauri. Saboda haka kafin a buɗe wata hanya ta cikin garin Suleja don rage wa babban titi nauyi, ya dace a gani a kwamfuta ko gosulon ne kawai za a kwaso daga Madalla a jibge a bakin kasuwar IBB.

Sai dai kuma a nan ne ya kamata mai kuɗi ya yi hattara da duk wanda ya zo masa da hoton motoci suna yawo a allon kwamfuta. Taswira hanya kawai ta sani. Ba ta san ranar kasuwa ba. Ba ta san cewa tirela ta kan kwana a kafaɗar titi a Tafa ba, ko cewa tankoki na jeruwa suna jiran lodi a hanyar Maje, ko cewa wani rami ya mai da layi biyu ɗaya tun damina. Motocin manhajar kuwa, idan ba a gyara musu hali ba, direbobin Jamus ne: kowa a layinsa, babu mai bin hannun da ba nasa ba. Ɗan acaɓa da mai Keke Napep ba haka suke tuƙi ba. SUMO na da wani tsari da ke barin babura su kurɗa tsakanin motoci, amma sai an kunna shi an kuma daidaita shi da abin da aka gani a titi. Wanda ya tsallake wannan mataki zai sami amsa mai kyan gani wadda ba ta Suleja ba ce.

Wato tsadar aikin tana wajen ƙirga. A Nairobi an nuna cewa mai yiwuwa ne: ɗaliban Jami'ar Nairobi, tare da jami'o'in Columbia da MIT na Amurka, sun shiga motocin haya da wayoyin hannu suna bin hanyoyinsu ɗaya bayan ɗaya, har aka fitar da taswirar hanyoyi fiye da 100 a 2014, aka kuma saki bayanan ga kowa. Birnin Accra ya yi irin wannan da motocin torotoro a 2017.

Batun bai tsaya ga asarar lokaci da ta kaya ba. A ranar 18 ga Janairun 2025 wata tankar mai ta faɗi ta kama da wuta kusa da mararrabar Dikko, mutane fiye da 80 suka rasu. Kwamfuta ba ta hana jama'a kwasar mai, amma tana iya nuna minti nawa motar kashe gobara ko ta asibiti za ta ɗauka kafin ta isa wurin idan hanya ta toshe, da kuma inda ya fi dacewa a ajiye ta.

Mafi yawan bayanan da ake buƙata suna hannun mutanen garin ne. Ƙungiyoyin sufuri na NURTW da NARTO sun san motocin da ke tashi daga kowace tasha. Direbobin tanka sun san sa'o'in lodi, shugabannin kasuwa sun san lokacin da ake sauke kaya. Abin da ya rage shi ne matasa da takarda da biro a Madalla da Gauraka da Dikko, daga asuba zuwa isha'i, har mako guda da ya haɗa da ranar kasuwa da Juma'a, suna ware tirela da tanka da bas da keke da babur, kowanne a layinsa na takarda.